Na ɗinka wa ƙannena shuɗi, ni kuma aka ba ni ruwan toka

Assalamu alaikum Anti. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar mai zuwa, domin yau kwana tara ke nan magana ɗaya nake ta juyawa a raina, har na koma soke yatsana da allura kamar 'yar koyo. Ki ɓoye sunana, ko da yake duk ɗan gidanmu da ya karanta wannan zai gane ni tun daga layin farko.

Ni tela ce, shekara ashirin da biyu ina kan keke, ina ɗinkin mata ina kuma taɓa na maza. Ina da aure da 'ya'ya uku. Matar da nake kira Mama ba ita ta haife ni ba, ƙanwar mahaifiyata ce. Ina da shekara uku mahaifiyata ta rasu, Mama ta ɗauko ni, lokacin tana da shekara huɗu da aure ba ta taɓa ko ɓari ba. Shekarar da na zo ta samu ciki, shi ya sa har gobe take cewa ni ce mai goshi. Ta haifi huɗu a bayana, maza biyu mata biyu, kuma babu wanda ban goya ba a cikinsu. Mijinta, Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa nuna ni ga baƙo ba sai ya ce ga babbar 'yata nan. Ni ban tashi da sanin wani gida ba. Ko fuskar mahaifiyata ban riƙe ba, Anti, sai abin da ake ba ni labari.

Baba ya rasu shekara uku da suka wuce, kuma abin da ya fi ci wa Mama rai bayan rashin shi ne babu hoto ko ɗaya da muke ciki gaba ɗaya. Kullum ana cewa sai an taru, har aka rasa shi. A falonta akwai ƙusa a bango inda tsohon agogo yake a da, ta hana a cire, wai nan za a rataye hoton iyali. Yanzu ta haura saba'in, idonta ya fara yin hazo. To bana Allah ya sa babban ƙanena, wanda yake aiki a nesa, ya samu hutu zai zo da iyalinsa, sai Autarmu ta ce wannan karon ba fashi. Ita ta nemo mai hoto, ta kama rana, ta ce za a yi shiga iri ɗaya. Na fi kowa murna. Tun kafin a tambaye ni na ce ɗinkin duka nawa ne, manya da yara, kada wanda ya kai ƙyalle wani wuri.

Auta ta yi bayani a guruf ɗinmu na waya cewa mai hoton ya ba da shawarar launi uku, don duk wanda ya kalli hoton ya gane wa da wa. Mama da 'ya'yan gida shuɗi mai duhu, surukai ruwan toka, jikoki fari. Na ce tsari ya yi kyau. Har tsokanar mijina na yi, na ce ya shirya zama toka a gefe, mu masu gida muna tsakiya.

Ranar da aka kawo yaduka ina shago. Ni a ƙa'idata ba na karɓar ƙyalle sai an rubuta sunan mai shi a takarda an maƙala da fil, saboda na taɓa ɗinka wa wata yadin wata, na sha zagin da har yau ban manta ba. Auta ta san haka, don haka kowane yadi ya zo da takardarsa, da rubutun hannunta. Na san rubutun nan kamar tafin hannuna, ni na kama mata fensir ta koyi baƙi. Ina ta warewa ina jerawa a kan tebur, sai na ga takarda an rubuta Yaya Babba, a maƙale jikin ruwan toka. Wallahi dariya na yi, na ce yarinyar nan da gaggawa, ta rikita takardu. Na cire fil ɗin zan mayar kan shuɗi. Sai na ƙirga shuɗin. Na Mama ɗaya, sai guda huɗu, kowanne da sunan mai shi. Na sake ƙirgawa, na zazzage ledar, na duba ƙarƙashin tebur. Biyar ɗin nan dai su ne.

Na kira Auta. Ba ta ko yi in-ina ba, ta ce ai don in yi daidai da maigidana ne, wai za mu fi kyau idan muka tsaya tare launi ɗaya. Na tambaye ta ita me ya hana ta yi daidai da nata mijin, ta yi 'yar dariya ta ce in bar mayar da ƙaramin abu babba, ƙyalle ne fa. Na kashe wayar, na zauna kan keke na kusan awa guda ban taka ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da na haɗiye, na ce shirmen Auta ne. Amma bayan kwana uku matar ƙaramin ƙanena ta zo gwaji. Yarinya ce mai kirki, ba ta iya ɓoye abu ba. Ina daidaita mata kafaɗa, fil a bakina, ta ce ita dai tun farko ba ta ji daɗin yadda aka yanke maganar ba, ta gaya wa mijinta ma. Ta ɗauka na sani. Da ta ga fuskata sai ta rikice, ta fara ba ni haƙuri, ni kuma na matsa mata har ta buɗe min. Ashe akwai wani guruf daban da suka buɗe, su huɗu kawai, ba ni a ciki. Mijin nata ya taɓa tura mata hoton hirar, ta nuna min. Ƙanwata ta tsakiya ce ta tambaya, Yaya fa, wane launi? Auta ta rubuta, kuma na haddace shi kalma da kalma: "Hoton tarihi ne, jikokinmu za su gani. A bar shuɗi ga waɗanda Mama ta haifa don kada a rikita zuri'a." Babban ƙanena, wanda na yi wa wankin kashi da fitsari, ya ce hakan ya yi, amma kada a tayar da maganar, a ce mata don mijinta ne. Ta tsakiya ta sa alamar babban yatsa ta amincewa. Ƙaramin kuwa sai ya ɗauki hoton hirar ya tura wa matarsa.

Anti, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Ba ƙyallen ba ne, irin yadin nan yana nan jibge a kasuwa, mijina ma ya ce zai je ya sayo min shuɗin a huta, na ce kada ya soma. Abin da ya ƙona ni shi ne an zauna, an tattauna ni, an shirya ƙaryar da za a yi min, sannan aka turo min kayan in ɗinka da hannuna. Shekara arba'in da ɗaya ina gidan nan, ashe a wurinsu baƙuwa ce da ta daɗe. Kuma ki duba abin mamaki, 'ya'yana uku an ba su fari tare da sauran jikoki. Su jikoki ne, amma uwar da ta haife su ba 'ya ba ce. Ta wace ƙofa suka shigo ke nan?

Auta ce ta fi yi min ciwo. Kayan makarantarta tun daga firamare ni na ɗinka. Ranar da ta fara ganin al'ada wurina ta zo tana kuka, ba wurin Mama ba. Rigar aurenta sau uku na warware na sake saboda ta ce wuyan bai zauna ba, ban ce uffan ba. Idan ta yi faɗa da mijinta a shagona take zama ta cinye min yini da ƙorafi, in bar aikin mutane in lallashe ta.

Amma tunda shawara nake nema, ba zan ɓoye nawa ba. Ni ba waliyyiya ba ce, bakina yana da kaifi idan raina ya ɓaci, kuma na saba ba da umarni a gidan. Lokacin jinyar Baba wata bakwai na rufe shago rabin yini, ni ce asibiti ni ce gida, su kuma kowa da uzurinsa. Wata rana na gaji, Auta ta zo a makare da maganin da na aike ta, a gaban mijinta na balbale ta da faɗa. A cikin faɗan na ce ni da ba a gidan aka haife ni ba ni nake ɗawainiya, ku 'ya'yan ciki kuna ina. Sau ɗaya na faɗa, kuma a cikin gajiya. Ban sake tayar da zancen ba, na ɗauka ya wuce.

Mama kuwa ban san matsayinta ba, kuma wannan shi ne abin da yake hana ni sakat. Shekaranjiya aka kawo ta awo. Ta ɗauki shuɗin yadinta ta kara a fuskata, ta matso da ido sosai saboda hazon, ta ce launin nan baƙaƙe irina yake karɓa, ranar Asabar sai na dushe su duka. Na yi murmushi na ce haka ne Mama, na juya ina neman tef ɗin awo alhali yana rataye a wuyana. Ko dai ba ta sani ba, ko kuma ta sani tana rufa musu asiri. Ina tsoron in tambaye ta. Idan ta ce ai sun gaya mata kuma ba ta ga laifi ba, to ni ina zan sa kaina? Gara in zauna cikin zato da in ji wannan daga bakinta.

Yanzu ga inda nake. Na gama na kowa, na goge na rataye, saura na Auta da nawa. Na Auta na shata shi da alli amma na kasa sa almakashi, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, shaiɗan ya raɗa min in rage mata inci biyu a ƙugu, ta yini tana riƙe numfashi a gaban mai hoto. Sannan akwai ragowar ƙyalle. Kin san yadda ake zargin teloli da cin ragowa, ni kuwa tunda nake ko faɗin hannu ne ya rage sai na naɗe na sa wa mai shi a leda. To wannan karon na iya yanka, ragowar shuɗin da ta fita daga yadin mutum huɗu ta isa riga ɗaya idan na haɗa da dabara, kuma ba wanda zai ga haɗin. Tana nan a ninke a cikin durowa. Wani lokaci in ce in ɗinka in shigo musu da shuɗi in ga wanda zai ce in cire. Wani lokaci in ce in sa ruwan tokata in tsaya can gefe in yi shiru, Allah ya isa. Wani lokacin kuma in ce in aika musu kayansu, in ce ba ni da lafiya, su yi hoton zuri'arsu babu mai rikita musu. Mijina ya ce duk wanda na zaɓa yana bayana, wanda kin san ba shawara ba ce.

Don Allah Anti, wanne zan yi?

Taki,
Yaya Babba, mai keken ɗinki

AMSA

Wa alaikumus salam, Yaya Babba. Da wannan sunan zan kira ki, tunda su ma da suka ware ki ba su samo wani sunan da za su rubuta a takardar ba.

Ciwon da kike ji yana kan hanya, kada wani ya ce miki ƙyalle ne kawai. Da ƙyalle ne kawai, da ba a buɗe masa guruf na daban ba. Ƙannenki sun yi laifi biyu, kuma na biyun ya fi na farko muni: sun fitar da ke daga sahun 'ya'ya, sannan suka haɗa baki suka ɓoye miki dalili. Wanda ya tabbata yana kan gaskiya ba ya cewa kada a tayar da magana.

Sai dai ki ba ni dama in taɓa naki, tunda ke kika kawo shi da kanki, kuma na yaba miki da hakan. Maganar da kika yi lokacin jinya ba ta wuce ba. Ke kin faɗe ta cikin gajiya kin manta, Auta ta ji ta a gaban mijinta, mahaifinta yana kwance, kuma kin haɗa mata da gorin cewa ba ta kula da shi ba. Irin wannan ba ta fita daga zuciya da sauƙi. Ban ce wannan ya wanke ta ba, wanda aka ɓata wa rai fitowa yake yi ya faɗa, ba ya jira shekara uku ya rama da yadi. Amma layin nan na ɗan ciki da wanda ba ɗan ciki ba, bakinki ne ya fara furta shi a gidan, kuma yana da kyau ki san haka kafin ki tunkare su. Sauran ukun kuwa, a ganina ba ƙiyayya ba ce, lalaci ne da gudun rigima. Ki lura ta tsakiya ta tambaya, ƙaramin kuma ya kasa haɗiyewa har ya kai wa matarsa.

Hanyoyi ukun da kika lissafa babu wadda na yarda da ita. Ragowar ƙyallen nan ki naɗe wa kowa nasa ki sa a ledarsa kamar yadda kika saba. Shekara ashirin da biyu kina tsare amana, ba a kan wannan za ki zubar ba, kuma matsayin da kike da shi a gidan ba na ragowa ba ne da za ki harhaɗa a ɓoye. Rigar Auta ki yanka ta daidai awonta, da incinta biyu. Sa ruwan toka ki yi shiru kuwa ba haƙuri ba ne, barin kashi a ciki ne, kuma duk ranar da kika shiga falon Mama kika ɗaga kai sai ciwon ya dawo sabo. Ƙin zuwa shi ne mafi muni, domin ba Auta za ki hukunta ba. Tsohuwar da ta hana a cire ƙusa za ki hukunta.

Ga abin da za ki yi. Gobe, ba jibi ba, ki kira babban ƙanenki da Auta, ido da ido idan ya iso, a waya idan bai iso ba. Ki fara da neman afuwar Auta a kan waccan maganar, a fili, ba tare da amma ba. Sannan ki gaya musu kin san abin da aka tattauna, kuma ya yi miki ciwo. Kada ki ambaci surukarku, kada kuma ki jero musu goyo da wanki da rigar aure, domin gori shi ya kawo mu nan. Ki ce musu abu ɗaya: hoton na Mama ne, ita ce mai cewa su wa ta haifa da su wa ta raina, don haka su je su gaya mata tsarin da suka yi kafin Alhamis. Idan suka ƙi, ki ɗauki yadinki da takardarsa a maƙale ki kai mata da kanki, ki zauna kusa da ita ki faɗa mata a hankali.

Na san wannan kike tsoro. Ba zan rantse miki a kan zuciyar da ban gani ba, amma ki sake karanta wasiƙarki. Matar da ta san an ba ki ruwan toka ba za ta kara shuɗi a fuskarki tana yaba yadda ya karɓe ki ba. Alamu sun nuna ita ma an rufe ta, kuma da kika ce mata haka ne Mama, ke ma kin taya su rufewa. Kada ki bari sai a gaban mai hoto, jikoki sun jeru, ta matso da ido ta gane abin da aka yi a bayanta. Idan kuma aka yi rashin sa'a ta sani, to ki ji dalilinta daga bakinta, ki faɗa mata naki. Zaman shekara arba'in da ɗaya ya fi ƙarfin a yanke masa hukunci da zato.

Idan magana ta daidaita, kada ke ko maigidanki ku sayi shuɗin. Waɗanda suka rage yadi ɗaya su za su koma kasuwa su ciko, Auta ta rubuta takardar da hannunta, ta maƙala, ta kawo miki shago. Tela irinki riga ɗaya ba ta kai mata yini. Idan kuma ba ta daidaita ba kafin Asabar, ki je duk da haka, ki sa abin da Mama ta ce ki sa, ki tsaya inda ta ce ki tsaya. An riga an rasa Baba a hoton nan saboda jiran sai an taru, kada ki sa ta rataye shi da gurbi biyu.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ƙara wa Mama lafiya da hasken ido, ya sa ranar Asabar ta ƙirga 'ya'yanta ta samu biyar.

Taki,
Anti